Daga Jujin Bukuru Zuwa Ɗakin Leƙen Ƙwaƙwalwa

A shekarun 1920 akwai wani baƙin yashi da ya addabi masu tace kuza a Bukuru da Barikin Ladi. Nauyi gare shi, kuma ba ya rabuwa da kuza ta daɗi. A zuba ƙasa a ƙwarya, a jujjuya ta cikin ruwa, laka da farin yashi su tafi, shi kuwa sai ya kwanta a ƙasan ƙwaryar tare da kuzar. Yawansa a buhu rage darajar kaya ne, saboda haka da zarar an samu an ware shi sai a kai shi bayan rumfa a jibge. Sunansa kwalambait, ƙarfen da ke cikinsa kuma niyobiyam. A wancan zamani ba mai sayensa. Yau da wannan ƙarfe ake yin wayar da ke naɗe a cikin manyan na'urorin MRI, waɗanda masana ke leƙa ƙwaƙwalwar mutum da su yana raye, idonsa biyu, yana fama ya haɗa wata fuska da sunan mai ita.

Tsakanin jujin da na'urar akwai doguwar tafiya, kuma Jos ba ta kai ƙarshenta ba.

Ba Turawa ne suka fara sanin kuza a wannan yanki ba. Tun kafin zuwansu maƙeran Liruwen Kano da na Liruwen Dalma suna wanke ta a rafuka, su narka, su zuba ruwan ƙarfen a ramukan da suka huda da tsinken ciyawa, ya fito siri-siri, fatake su kai kasuwannin Kano da gaba. Irin waɗannan tsinkayen ne suka ja hankalin kamfanin Neja, har ya shiga neman inda suke fitowa. Tsakanin 1903 da 1904 injiniya Henry William Laws ya hau tudun Jos da rakiyar sojoji, ya kafa sansani a Naraguta. Kafin a yi shekara goma kamfanonin London sun cika tudun, kowa da takardar filinsa, sana'ar mutanen Liruwe kuma ta shiga mutuwa, don wuraren da suke ɗiba sun zama mallakar wasu.

Da farko a ka ake ɗaukar kuzar, daga tudu har Loko a bakin Binuwai. A 1914 ƙaramin jirgin ƙasa daga Zariya ya iso Jos da Bukuru, a 1915 aka kafa garin Jos a hukumance, a 1927 babban layin dogo ya shigo ta Kafanchan. Wajen 1930 kamfanin NESCO ya fara samar da lantarki daga ruwan Kurra domin injinan haƙa, shi ya sa barikokin kuza suka riga manyan birane da yawa na Arewa ganin ƙwan lantarki. Amma duk da injinan, ƙashin bayan aikin lebura ne da diga da shebur da kwanon sarki. Hausawa daga Kano da Katsina da Sakkwato da Zazzau, Barebari, Tibi, mutanen kudu masu aikin akawu da kanikanci, da 'yan ƙasa Birom da Anaguta da Afizere waɗanda a gonakinsu ake haƙar, duk suka haɗu a ƙarƙashin ihun heluma. Sunayen wurare sun riƙe wannan zamani: Anglo-Jos, Bisichi, Gangare, Barikin Ladi.

Mafi munin babin ya zo ne a Yaƙin Duniya na Biyu. Da Japan ta kame Malaya a farkon 1942, Ingila ta rasa babbar rijiyar kuzarta, sai ta juyo kan tudun Jos. Aka sa wa sarakuna adadin mutanen da za su kawo, aka riƙa kwaso talakawa daga ƙauyuka zuwa aikin dole, abin da mutane suka kira ɗiban gwamna. Daga 1942 zuwa 1944 wajen mutum 100,000 ne suka bi ta wannan hanya. Mutumin da ya tashi a zafin Sakkwato aka kawo shi sanyin tudu ba bargo, ga ƙarancin abinci, ga cunkoso a bukkoki. Da yawa sun mutu, da yawa sun gudu. A 1943 kuzar da aka fitar ta haura tan 17,000, adadin da ba a sake kaiwa ba.

Duk wannan lokaci baƙin yashin yana ta taruwa. An fara sayar da shi kaɗan-kaɗan tun shekarun 1930, bayan da masu sarrafa ƙarfe suka gano ɗan niyobiyam yana hana ƙarfe mara tsatsa lalacewa a wurin walda. Zamanin jiragen yaƙi masu injin jet ne ya ɗaga shi. Cikin injin jet zafi ne mai narkar da ƙarfen gama-gari, ana bukatar gauraye mai juriya, niyobiyam kuma yana cikin abubuwan da ke ba da ita. Da yaƙin Koriya ya ɓarke a 1950, Amurka ta shiga tara shi a rumbunta, ta kuma ninka farashin da take biya don a ƙara haƙowa. Nan fa tudu ya rikice. Kamfanoni irin su Bisichi da Jantar da ATMN suka koma kan tsofaffin jujinsu suna tonewa, abin da aka zubar jiya ya zama kuɗi. Aka kuma gano ruɓaɓɓen dutsen Rayfield da Gona cike yake da shi, ba sai an jira rafi ya wanko ba. A 1955 Najeriya ta fitar da fiye da tan 3,000, kuma a waɗannan shekaru ita ce kan gaba a duniya, da tazara mai nisa.

Yadda ake raba shi da kuza abin lura ne. Bayan an wanke an shanya, sai a zuba yashin a kan bel mai tafiya, ya bi ta ƙarƙashin maganaɗisu mai ƙarfi. Kuza ba ruwanta da maganaɗisu, wucewa take yi. Kwalambait kuwa akwai ɗan baƙin ƙarfe a jikinsa, sai ya ɗago ya faɗa wani mazubi daban. Har yanzu haka ake yi a rumfunan masu saye a Bukuru, ƙura tana tashi, mai kaya yana tsaye yana kallon mazubin da idon mai jiran sikeli.

Kakar ba ta daɗe ba. Rumbun Amurka ya cika, farashi ya karye. Sannan aka samu wani dutse mai niyobiyam a Araxá ta ƙasar Brazil a 1953, aka kafa kamfanin CBMM a 1955, kuma tun daga shekarun 1960 ma'adinin can, mai yawa da arhar haƙa, ya mamaye kasuwa. Yau Brazil ce ke ba duniya kusan kashi tara cikin goma na niyobiyam, Kanada na biye. Ita kuza ta ɗan ƙara jan zare: an buɗe matatar narkarwa ta Makeri a farkon shekarun 1960, an kafa hukumar haƙar ma'adinai ta ƙasa a Jos a 1972, sannan kasuwar kuza ta duniya ta rushe a Oktoban 1985. Kamfanoni suka watse suka bar ɗaruruwan tafkuna da tsibin ƙasa. Abin da ya rage shi ne loto, rami mai zurfi da matasa ke shiga da igiya da tocila, mata na wanki a bakin ruwa, rami kuma yakan rufta da mutane. Kwalambait kuwa, ko a lokacin da yake tashe, a buhu yake barin ƙasar, ɗanye. Narka shi da gano amfaninsa duk a wani wuri aka yi.

A daidai lokacin da kasuwa ke barin Jos ne ƙarfen ya sami aikin da ya fi kowane daraja. Tun 1911 Heike Kamerlingh Onnes ya gano a Leiden ta ƙasar Holan cewa wasu ƙarafa, in aka sanyaya su matuƙa, lantarki yana bi ta cikinsu ba tare da wata turjiya ba, ba zafi, ba asara. Matsalar ita ce da maganaɗisu ya yi ƙarfi sai wannan hali ya ɓace. A 1961 John Kunzler da abokan aikinsa a ɗakunan binciken Bell na Amurka suka nuna wani gauraye yana jurewa. Gaurayen kuwa na niyobiyam ne da kuza, wato abubuwa biyun da leburorin tudu suka shekara da shekaru suna wahalar rabawa. Sai dai yana da saurin karyewa, naɗa shi aiki ne. A 1962 Ted Berlincourt da Richard Hake suka nuna gaurayen niyobiyam da titaniyam shi ma yana yi, ga shi yana lanƙwasuwa, ana iya jan sa ya zama waya. Shi ne ya zama wayar maganaɗisun asibiti.

A cikin na'urar MRI mai ƙarfi, wannan waya mai tsawon kilomitoci tana naɗe cikin ruwan hiliyam mai sanyin digiri 269 ƙasa da sifili. Sau ɗaya ake ɗura mata lantarki, ya yi ta zagayawa dare da rana. Ana auna ƙarfin da tesla: na'ura mai tesla 3 ta ninka maganaɗisun duniya, wanda ke juya allurar kamfas, sau wajen 60,000. Shi ya sa ake cire wa mai shiga makulli da 'yan kunne da tsabar kuɗi tun daga ƙofa. Jikin mutum galibinsa ruwa ne, ƙwayoyin haidurojin da ke cikin ruwan kuma suna jeruwa in suka shiga wannan ƙarfi. Sai a buga musu igiyar rediyo su karkace, in suna komawa daidai su fitar da wata 'yar alama, kwamfuta ta tattara ta zana hoto. Paul Lauterbur ne ya nuna hanyar a 1973, Peter Mansfield na Nottingham ya gano yadda za a hanzarta ta, a 1980 aka ɗauki hoton majiyyaci a Aberdeen, a 2003 Lauterbur da Mansfield suka raba kyautar Nobel.

Kafin wannan, mai son sanin inda tunawa take a ƙwaƙwalwa sai dai ya jira tsautsayi ya faɗa wa wani. Mafi shahara shi ne Henry Molaison, Ba'amurke mai fama da farfaɗiya. A 1953, yana da shekara 27, likita William Scoville ya yanke masa wani sashe na cikin ƙwaƙwalwa ta gefe biyu, har da mafi yawan wani lanƙwasasshen nama da ake kira hifokamfas. Farfaɗiyar ta yi sauƙi, amma daga ranar ya daina ajiye sabon abu. Yana hira lafiya lau, yana tuna ƙuruciyarsa, amma wanda ya gaisa da shi ɗazu in ya fita ya dawo baƙo ne. Masaniyar ƙwaƙwalwa Brenda Milner ta yi shekaru tana zuwa daga Montreal tana gwada shi, kullum sai ta sake gabatar da kanta. Sai a farkon shekarun 1990 Suzanne Corkin da abokan aikinta suka sa shi a na'urar MRI, suka ga ashe abin da aka cire bai kai yadda likitan ya kimanta ba. Shekara kusan arba'in ana gina ilimi a kan ƙiyasin mai fiɗa kafin a gani da ido.

Wancan hoton siffa ne kawai. Ganin ƙwaƙwalwa tana aiki ya zo ne ta hanyar jini. Tun 1936 Linus Pauling da Charles Coryell suka lura jinin da ya sauke iskar oksijin yana amsa wa maganaɗisu daban da wanda ke ɗauke da ita. A 1990 Seiji Ogawa, shi ma a ɗakunan Bell, ya nuna ana iya ganin wannan bambanci a hoton ƙwaƙwalwar ɓera, zuwa 1992 an yi a kan mutane. Duk sashen da ya kama aiki, sai sabon jini ya kwararo masa fiye da bukatarsa, alamar wurin ta ɗan ƙaru. Wannan ita ce fMRI.

Da ita aka tunkari irin tunawar da ke ɗaure abu biyu wuri guda. Kowa ya san bambancin. Mutum ya haɗu da wani a kasuwar Terminus, ya tabbata ya san fuskar, amma suna ya ƙi zuwa, inda suka saba ma ya ƙi zuwa, sai a ɓuya a bayan doguwar gaisuwa, ina gajiya, ina iyali, ana lalube. Fuskar tana nan, sunan ma yana nan a wani wuri, igiyar da ta haɗa su ce ta kwance. A 1998 ƙungiyoyi biyu a Amurka, ɗaya ƙarƙashin Anthony Wagner ɗaya ƙarƙashin James Brewer, suka fito da wata dabara mai sauƙi: a nuna wa mutum kalmomi ko hotuna yana cikin na'ura, in ya fito a gwada abin da ya riƙe, sannan a koma baya a kwatanta yadda ƙwaƙwalwarsa ta yi a lokacin da ya ga abin da ya tuna da lokacin da ya ga abin da ya manta. A 2003 Reisa Sperling da abokan aikinta a Boston suka yi haka da fuskoki da sunaye. Fuska ta fito a allo, suna a ƙarƙashinta, mai gwaji yana kwance ba motsi, na'ura tana ta ƙwanƙwasa a kunnensa. Suka ga gaban hifokamfas ya fi motsawa a kan waɗanda daga baya mutum ya haɗa daidai kuma da tabbaci. Daga irin wannan aiki aka tsara gwajin fuska da suna da ake neman alamun farko na cutar Alzheimer da shi, don wannan ɗaurin yana cikin abin da ke fara kwancewa.

Binciken da ya fi shiga bakin jama'a shi ne na Eleanor Maguire a kan direbobin tasi na London, waɗanda sai sun haddace tituna wajen 25,000 kafin a ba su lasisi. A 2000 ta nuna bayan hifokamfas ɗinsu ya fi na sauran mutane girma, kuma yana ƙaruwa da yawan shekarun tuƙi. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne kuɗin da suka biya: ita da Katherine Woollett sun gano daga baya cewa direbobin sun gaza sauran mutane wajen koyon sabon haɗi tsakanin abu da wurin da aka ajiye shi. Mai karatu a Jos ba zai rasa tunanin wasu da suka cancanci irin wannan nazari ba, daga alaramman da ya san aya da gurbinta a shafi, zuwa direban da ya san kowane lungu daga Farar Gada har Bukuru.

Hotunan nan masu ɗigon ja da rawaya suna da ruɗi, ya kamata a faɗa. Na'urar ba tunani take gani ba, jini take gani, shi ma sai bayan daƙiƙa huɗu zuwa shida da faruwar abin, alhali ƙwayoyin ƙwaƙwalwa a cikin ƙiftawar ido suke saƙonsu. Mai kallon fMRI kamar mai hangen hayaƙin madafa ne daga bayan katanga: ya san an ɗora tukunya, bai san miyar ba. Launukan ma lissafi ne aka shafa a kan hoto bayan an tara gwaji da yawa. Don rage wannan duhu ake ta ƙara ƙarfin maganaɗisu. A cibiyar NeuroSpin kusa da Paris akwai wata na'ura mai suna Iseult, mai tesla 11.7 da nauyin tan 132, wadda ta fitar da hotunan ƙwaƙwalwar mutum na farko a 2024. Wayar niyobiyam da titaniyam da ke cikinta ta kai kilomita 182.

A Najeriya labarin na jinkiri ne. Na'urar siti-sikan, wadda aka fara gwadawa a London a 1971, ta iso asibitin koyarwa na Ibadan a 1987. Wata ƙidaya da Godwin Ogbole na Ibadan da abokan aikinsa suka wallafa a 2018 ta sami na'urorin MRI 84 a duk Afirka ta Yamma, 58 daga ciki a Najeriya, kuma mafi yawansu masu ƙaramin ƙarfi ne. Dalilin a fili yake. Ƙaramar na'ura da maganaɗisu na dindindin take aiki, ba ta shan hiliyam. Babbar kuwa tana son injin sanyayawa da ba ya tsayawa, da hiliyam da ake sayowa daga ƙasashe irin su Amurka da Qatar da Aljeriya, kuma in sanyin ya kuɓuce ruwan ya tashi ya bi iska, an tafka asarar miliyoyi. Ƙaramar tana nuna ƙari da shanyewar ɓarin jiki da ciwon laka, wanda shi ne bukatar majiyyaci ta gaggawa. Amma ɗan bambancin jinin da fMRI ke nema ba ya fitowa sosai sai daga tesla 1.5 zuwa sama, wato sai na'ura mai wayar niyobiyam.

Wannan bai hana Jos yin nata da abin da ke hannu ba. A asibitin koyarwa na Jami'ar Jos, Tom Thacher da abokan aikinsa sun nuna a 1999 cewa ciwon da ke lanƙwasa ƙafafun yara a yankin, ƙarancin sinadarin kalsiyam a abinci ne babban sanadinsa. A 2000 suka fitar da ma'auni mai maki goma na auna tsananin ciwon daga hoton ƙashi na wuyan hannu da gwiwa, hoton eksire na yau da kullum, kuma likitoci a ƙasashe da dama suna aiki da shi har yanzu.

Ta fuskar mantuwa ma an yi aiki a garin, ba da maganaɗisu ba, da takarda da biro. A 2006 masu bincike biyu, Thacher da Ochayi, suka wallafa binciken da suka yi a kan tsofaffi 280 'yan shekara 65 zuwa sama a Jos. Sun yi amfani da jerin tambayoyin da aka tsara don al'ummomin da ba kowa ya yi boko ba, irin wanda aka yi aiki da shi a babban nazarin da ya kwatanta Yarbawan Ibadan da baƙar fatar Indianapolis tun farkon shekarun 1990. Ana zama da tsoho a gidansa, a tambaye shi sunayen abubuwa, da ranar da ake ciki, a faɗa masa wasu kalmomi a ce ya riƙe, a ɗauke hankalinsa da wata tambaya, sannan a dawo a nemi kalmomin. Ana kuma jin ta bakin wani na kusa da shi, ko Baba ya fara ɓata a hanyar da ya sani, ko Iya tana kiran jika da sunan wani. Kashi 6.4 cikin ɗari na waɗanda aka gwada sun nuna alamun cutar mantuwa, kuma abin ya fi yawa a tsakanin mata, da waɗanda suka fi tsufa, da masu ramammen jiki.